Masu Horar da Ƙwallon Ƙafa a Jami'o'in Amurka: Aikinsu da Tarihin da Suka Kafa

Kocin ƙwallon ƙafa a jami'ar Amurka ma'aikacin makaranta ne. Jami'a ce take ɗaukar sa aiki, ita take biyan sa albashi, 'yan wasansa kuma ɗalibai ne masu shiga aji da safe su fito fili da yamma. A yawancin ƙasashen duniya, yaron da Allah ya hore wa baiwar taka leda yakan bi ta makarantar horarwa ta wani kulob har ya kai ga babbar ƙungiya. A Amurka kuwa, tsawon shekaru masu yawa, jami'a ce hanyar, kuma masu horarwa na jami'o'i su ne suka riƙe wasan a lokacin da ƙasar ba ta da tsayayyar gasar ƙwararru.

Hukumar NCAA, wadda asalinta ya koma 1906, ita ce babbar mai kula da wasannin jami'o'i. Ta kasa makarantu rukuni uku gwargwadon ƙarfinsu da kuɗin da suke kashewa a kan wasanni, kuma rukuni na ɗaya shi ne na manya. Gasar cin kofin ƙasa ta maza ta fara a 1959, ta mata kuma a 1982. Kakar wasa gajera ce ƙwarai: ana farawa cikin watan Agusta, a ɗaga kofi cikin Disamba, sau da yawa ana buga wasa biyu a mako guda. Ƙungiyoyi 48 ne suke shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na maza, 64 a na mata.

Ƙa'idojin aikin suna da tsauri. Ɗan wasa yana da kaka huɗu ne a bisa al'ada, daga nan sai ya kammala karatu ya tafi, ko da shi ne ginshiƙin ƙungiya. Koci ba ya sayen ɗan wasa, ba ya sayarwa. Abin da yake hannunsa shi ne gurbin karatu da tallafin kuɗin makaranta. Har zuwa 2025, iyakar abin da aka yarje wa ƙungiyar maza ta rukuni na ɗaya shi ne kwatankwacin cikakken tallafi 9.9, ta mata kuma 14, sai koci ya yi ta gutsuttsura shi tsakanin 'yan wasa kusan talatin. Atisaye da wasa ba su wuce sa'o'i 20 a mako a tsakiyar kaka, kuma ɗalibin da makinsa ya faɗi ƙasa ba zai saka riga ba. Saboda haka rabin aikin koci ba a fili ake yin sa ba. Yana yawon makarantun sakandare da ƙananan gasanni yana farautar yara, yana zama da iyaye yana lallashi, yana bibiyar sakamakon jarrabawa, yana roƙon tsofaffin ɗalibai su taimaka da kuɗin gina fili.

Abin da ya bambanta wannan sana'a da horar da kulob na ƙwararru shi ne daɗewa. A Turai ko Afirka koci kan rasa kujerarsa bayan shan kashi huɗu ko biyar. A jami'ar Amurka mutum yakan yi shekara talatin ko arba'in a makaranta ɗaya, 'yan wasa suna zuwa suna wucewa, shi yana nan. Nasarar irin wannan mutum ana auna ta ne da ko ya iya gina gidan da zai ci gaba da cin kofi bayan duk wanda ya fara da shi ya tafi.

Gidan farko da aka gina irin haka yana birnin St. Louis na jihar Missouri, inda cocin Katolika suka daɗe suna shirya wa yaran unguwanni gasar ƙwallo. Bob Guelker ya tattara waɗannan yara a Jami'ar Saint Louis, ya ci kofin farko na NCAA a 1959, ya ƙara a 1960, 1962, 1963 da 1965. Wanda ya gaje shi, Harry Keough, yana cikin 'yan wasan Amurka da suka doke Ingila da ci 1-0 a gasar cin kofin duniya ta 1950 a Brazil. Ma'aikacin gidan waya ne, kuma bai bar aikinsa na raba wasiƙu ba saboda horar da jami'a. Shi ma ya kawo kofi biyar: 1967, wanda aka raba da Michigan State bayan mummunan yanayi ya hana kammala wasan ƙarshe, sai 1969, 1970, 1972 da 1973. Kofuna goman nan har yau babu jami'ar da ta kamo su a ɓangaren maza, kuma kusan dukkansu da 'yan gari aka ci su.

Masu neman karya wannan mulki sai suka duba ƙetare. Steve Negoesco, wanda aka haifa a New Jersey ya girma a Romaniya, ya riƙe Jami'ar San Francisco daga 1962 zuwa 2000, ya cika ƙungiyarsa da ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam. Ya ci kofi a 1966, 1975, 1976 da 1980. Na 1978 hukumar ta soke shi daga baya kan batun cancantar ɗan wasa. Cikin taurarinsa na tsakiyar shekarun 1970 akwai ɗan Najeriya Andy Atuegbu.

Labarin da ya fi ratsa zuciya a wancan zamani shi ne na Jami'ar Howard da ke birnin Washington, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata. Kocinta, Lincoln Phillips, tsohon mai tsaron ragar Trinidad da Tobago ne, 'yan wasansa kuma daga tsibiran Karibiyan da Afirka suka fito. A 1971 suka doke Saint Louis da ci 3-2 a wasan ƙarshe a Miami. Wannan ne karo na farko da jami'ar baƙaƙe ta ci kofin rukuni na ɗaya na NCAA. Murnar ba ta daɗe ba, domin hukumar ta binciki ƙungiyar, ta ce an saka waɗanda ba su cancanta ba, ta ƙwace kofin, ta kuma haramta wa Howard shiga gasar 1973. Phillips da mutanensa sun ɗauki hukuncin a matsayin wariya, ganin cewa ƙa'idojin da aka yi amfani da su sun fi faɗa wa ɗaliban ƙetare. Bai watsar da ƙungiyar ba. A 1974 Howard ta buga wasa 19 ta ci dukkansu, ta sake haɗuwa da Saint Louis a wasan ƙarshe, a garin St. Louis ɗin kansa, ta ci 2-1 bayan an shiga ƙarin lokaci har sau huɗu. Ɗan Najeriya Kenneth Ilodigwe ne ya jefa ƙwallon da ta raba gardama. Wannan kofin babu wanda ya taɓa shi.

A jihar South Carolina kuma, wani malami mai digirin digirgir a kimiyyar haɗa sinadarai, I. M. Ibrahim, haifaffen birnin Haifa, shi ya farfaɗo da ƙungiyar Jami'ar Clemson a 1967, ya riƙe ta har 1994. A shekarun 1970 ya dogara sosai da 'yan Najeriya, irin su Godwin Ogbueze, Christian Nwokocha, Nnamdi Nwokocha da Taiwo Ogunjobi, wanda daga baya ya zama babban sakataren hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya. Biyu daga cikin waɗanda suka je Clemson, Obed Ariri da Donald Igwebuike, sun ƙare ne a wasan zari-ruga irin na Amurka, suna bugun ƙwallo da ƙafa a gasar NFL. Ibrahim ya kai wasan ƙarshe a 1979 ya sha kashi a hannun Southern Illinois ta Edwardsville, wadda Bob Guelker ɗin nan yake horarwa a lokacin. Kofunansa biyu sun zo ne a 1984 da 1987.

Idan ana neman misalin haƙuri a wannan sana'a, Jerry Yeagley na Jami'ar Indiana ake kawowa. Ya isa can a 1963 a matsayin malamin motsa jiki, ya tarar ƙwallon ƙafa ba ta cikin wasannin da jami'ar take ɗaukar nauyi. Ƙungiyar ɗalibai ce kawai ta masu sha'awa. Shekara goma ya yi yana horar da su a haka, yana faman shawo kan hukumar makaranta, kafin a amince da su a 1973. Daga nan ya kai wasan ƙarshe a 1976, 1978 da 1980, kuma duk sau ukun San Francisco ta Negoesco ce ta tare masa hanya. Sai a 1982 ya taɓa kofi, a wani wasa da Duke da ya ci ƙarin lokaci har takwas, aka shafe kusan minti 160 ana fafatawa kafin Indiana ta ci 2-1. Ya maimaita a 1983 da 1988, ya yi shekara goma ba kofi, ya dawo a 1998 da 1999. A wasansa na ƙarshe a matsayin koci, cikin Disamban 2003, ya ɗaga na shida. Ya bar aiki da nasara 544. Mataimakinsa Mike Freitag ya ci kofin 2004, ɗansa Todd Yeagley ya ci na 2012. Babu shaidar ginin da ya tsayu da ta wuce wannan: mai gidan ya tafi, gidan bai girgiza ba.

Wasu kuwa jami'a ta zame musu tsani zuwa fagen ƙwararru. Bruce Arena ya karɓi Jami'ar Virginia a 1978, yana haɗa aikin da taimaka wa kocin wani wasan daban mai suna lacrosse. Ya raba kofin 1989 da Santa Clara, sannan ya ci huɗu a jere daga 1991 zuwa 1994, abin da babu ƙungiyar maza da ta sake yi. Tony Meola, John Harkes da Claudio Reyna duk ta hannunsa suka bi. Da aka buɗe gasar ƙwararru ta MLS a 1996, Arena ya koma D.C. United ya ci kofi biyu na farko. Shi ne ya jagoranci Amurka a gasar Olamfik ta Atlanta, wadda Najeriya ta ci zinare, kuma a gasar cin kofin duniya ta 2002 ya doke Portugal da Mexico kafin Jamus ta tsayar da shi da ci 1-0 a wasan daf da na kusa da na ƙarshe. Masu kallo a Gana sun san shi ta wata fuskar, domin Black Stars ne suka kore shi daga gasar 2006.

Mataimakinsa na Virginia, Bob Bradley, ya horar da Princeton daga 1984 zuwa 1995, ya riƙe ƙungiyar ƙasa ta Amurka a gasar 2010, inda shi ma Gana ta fitar da shi. Ya karɓi Masar a 2011 cikin rikicin siyasa, ya ci duk wasanninsa shida na rukuni a neman shiga gasar 2014, sai ƙaddara ta sake haɗa shi da Gana, aka yi masa 6-1 a Kumasi. A 2016 ya zama Ba'amurke na farko da ya horar da kulob a gasar Firimiya ta Ingila, wato Swansea, ko da yake bai cika wata uku ba. Sigi Schmid, haifaffen Jamus da ya yi aikin akanta kafin ya rungumi horarwa, ya ci kofi uku da Jami'ar UCLA a 1985, 1990 da 1997, sannan ya ci MLS da LA Galaxy a 2002 da Columbus Crew a 2008. Ya rasu a Disamban 2018.

Duk da haka, inda masu horarwa na jami'a suka fi barin tambari a duniya shi ne ƙwallon mata. Tushen abin doka ce da aka sa wa hannu a 1972, wadda aka fi sani da Title IX, da ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Jami'o'in da suke kashe maƙudan kuɗi a kan wasannin maza sai ya zama dole su buɗe wa mata nasu, ƙwallon ƙafa kuma ta dace da buƙatar, domin tana ɗaukar 'yan wasa da yawa kuma kayanta ba su da tsada. A yau ƙungiyoyin mata na rukuni na ɗaya sun haura 300, sun zarce na maza da suke kusan 200.

Mutumin da ya fi kowa cin gajiyar wannan sauyi shi ne Anson Dorrance. An haife shi a Bombay ta Indiya a 1951, ya taso yana bin mahaifinsa daga ƙasa zuwa ƙasa, ya buga wa Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill. Yana karatun lauya aka ba shi ƙungiyar maza a 1977, a 1979 aka ƙara masa sabuwar ƙungiyar mata. Ya ci kofin ƙasa a 1981 a ƙarƙashin tsohuwar hukumar wasannin mata ta AIAW, sannan ya ci ukun farko na NCAA daga 1982 zuwa 1984. Jami'ar George Mason ta ƙwace na 1985. Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganin irinsa ba: kofi tara a jere daga 1986 zuwa 1994. Cikin wannan tsakani ƙungiyar ta yi wasa 103 ba a doke ta ba, daga baya kuma ta ci wasa 92 a jere ba ko canjaras. A wasan ƙarshe na 1992 ta lallasa maƙwabciyarta Duke da ci 9-1. Ya ƙara da 1996, 1997, 1999, 2000, 2003, 2006, 2008, 2009 da 2012, jimilla kofin NCAA 21, da nasarori sama da 900.

Dabararsa sananniya ce, kuma ya sha faɗa cewa ya ɗauko ta ne daga kallon atisayen Dean Smith, shahararren kocin ƙwallon kwando na jami'ar. Duk abin da aka yi a atisaye ana rubuta shi: wa ta yi nasara a karon mutum da mutum, wa ta fi gudu, wa ta fi cin ƙwallon sama, wa ta fi saiti a bugu. Ana tara makin, a jera sunayen 'yan wasa daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, a manna kowa ta gani. Ya kira tsarin tukunyar gasa. Hujjarsa ita ce, a lokacin ana tarbiyyantar da 'yan mata su riƙa sassauta wa ƙawayensu, su ji nauyin fin su, shi kuma yana so ya halatta musu neman nasara ba tare da jin kunya ba. A fili ƙungiyarsa takan matsa wa abokan karawa tun daga gidansu, tana sauya 'yan wasa akai-akai don kada gudun ya ragu, abin da dokar jami'a ta sauƙaƙa domin ta daɗe tana barin wanda aka cire ya sake shiga. Masu sukarsa sun ce salon ya fi dogara da ƙarfi da gudu fiye da gwaninta, kuma ya fara ne a lokacin da abokan hamayya ba su da yawa. Akwai gaskiya a duka biyun, sai dai ba su bayyana yadda ya ci gaba da cin kofi har 2012 ba, bayan kowace babbar jami'a ta zuba kuɗi a wasan.

Dorrance ya haɗa aikin jami'a da horar da ƙungiyar mata ta ƙasa daga 1986, kuma shi ya kai Amurka ga cin kofin duniya na mata na farko a ƙasar Sin a 1991, inda suka doke Norway 2-1 a Guangzhou. Najeriya ce kaɗai ta wakilci Afirka a gasar. Mia Hamm, Kristine Lilly, April Heinrichs da Carla Overbeck duk ɗalibansa ne, haka ma Heather O'Reilly, Tobin Heath da Crystal Dunn a bayansu. Tasirinsa ya tsallaka teku. Wata 'yar Holan mai suna Sarina Wiegman ta buga masa kakar 1989 ta ci kofi. Ita ce daga baya ta ci kofin Turai da Holan a 2017, da Ingila a 2022 da 2025. Lucy Bronze da Alessia Russo na Ingila su ma sun bi ta Chapel Hill. Tarihinsa bai tsira daga tabo ba: a 1998 tsofaffin 'yan wasansa biyu sun kai shi ƙara tare da jami'ar bisa zargin cin zarafi da kalaman batsa, kuma an rufe shari'ar ne a 2008 ta hanyar sasantawa, jami'ar ta biya kuɗi. Ya ajiye aiki a Agustan 2024. Wata huɗu bayan nan mataimakinsa Damon Nahas ya ɗaga kofin NCAA na 22 na makarantar.

Abin lura ne cewa maza sun daɗe suna mamaye kujerar horar da mata. Becky Burleigh ta Jami'ar Florida ce mace ta farko da ta ci kofin rukuni na ɗaya, a 1998, kuma North Carolina ta doke a wasan ƙarshe. Amanda Cromwell ta ci da UCLA a 2013, Erica Walsh da Penn State a 2015, Margueritte Aozasa kuma ta ci da UCLA a 2022 a shekararta ta farko a kan aiki. Jill Ellis ta yi fiye da shekara goma a UCLA tana kaiwa zagayen ƙarshe ba ta taɓa kofin ba, sai ga shi ta ci kofin duniya sau biyu da Amurka, a 2015 da 2019.

Clive Charles ya cancanci a tsaya a kansa. Baƙar fata ne ɗan Landan da ya buga wa West Ham a farkon shekarun 1970, lokacin da irinsa ƙalilan ne a filayen Ingila. Ya zauna a Portland ta jihar Oregon, ya riƙe ƙungiyoyin maza da mata na wata ƙaramar jami'ar Katolika a lokaci guda, ya fito da mai tsaron raga Kasey Keller, da Tiffeny Milbrett, da Christine Sinclair ta Kanada, wadda ta fi kowane ɗan wasa, namiji ko mace, zura wa ƙasarsa ƙwallo. Ya ci kofin mata a Disamban 2002 yana fama da ciwon daji, ya rasu a Agustan 2003.

Masu bin Super Falcons sun san wani daga cikin wannan zuri'a. Randy Waldrum ya ci kofin mata da Notre Dame a 2004 da 2010. Lokacin da hukumar ƙwallon Najeriya ta naɗa shi a 2020 yana horar da Jami'ar Pittsburgh, kuma bai bar aikin ba, abin da ya jawo masa suka cewa hankalinsa ya rabu biyu. Ya yi taƙaddama da hukumar a bainar jama'a kan kuɗi da shirye-shirye gab da gasar cin kofin duniya ta 2023. A can Najeriya ta yi canjaras da Kanada, ta doke mai masaukin baƙi Ostareliya 3-2, ta yi canjaras da Ireland, sannan ta riƙe Ingila babu ci har ƙarin lokaci a Brisbane kafin a fitar da ita a bugun fenariti. A ɗaya bencin Sarina Wiegman ce zaune. Cikin 'yan wasansa akwai waɗanda jami'o'in Amurka suka horar, irin su Michelle Alozie, Ifeoma Onumonu da Toni Payne. Ya kai ƙungiyar gasar Olamfik ta Paris a 2024, karon farko tun 2008, ya sauka bayan nan.

Ba kowane gwani ne yake rukuni na ɗaya ba. Jay Martin na Ohio Wesleyan, ƙaramar makaranta a rukuni na uku inda ba a ba da tallafin karatu saboda wasa, ya fara aiki a 1977, ya ci kofin rukuninsa a 1998 da 2011, kuma nasarorinsa sun haura 700, fiye da kowane kocin maza a tarihin NCAA.

Ikon da koci yake da shi na buɗe wa yaro ƙofar jami'a amana ce, kuma an ci wannan amana. A 2019 hukumomin tarayya suka bankaɗo wata badaƙala inda attajirai suke biyan cin hanci don a shigar da 'ya'yansu manyan jami'o'i da sunan 'yan wasa ne, alhali ba su kai ba. Rudy Meredith, tsohon kocin mata na Yale, da Jorge Salcedo, kocin maza na UCLA, sun amsa laifinsu a kotu. Kowane gurbi da aka sayar a haka an ƙwace shi ne daga bakin wani yaro da ya cancanta, kuma wannan ya fi asarar kowane kofi muni.

Sana'ar tana sauyawa a hannun masu riƙe da ita yanzu. Kulob-kulob na MLS sun buɗe makarantun horarwa, yaran da suka fi fice suna sa hannu a kwantiragi tun suna shekara 16 ko 17 ba su taka jami'a ba. Gasar mata ta ƙwararru, NWSL, ta soke tsarin zaɓen 'yan wasa daga jami'o'i a 2024. Tun 2018 an sauƙaƙa wa ɗalibi sauya makaranta, tun 2021 kuma yana da damar karɓar kuɗin talla da sunansa, don haka kocin da a da yake da tabbacin shekara huɗu da ɗan wasa yanzu kowace kaka sai ya sake lallashin nasa su zauna. Sasho Cirovski na Maryland, mai kofin 2005, 2008 da 2018, ya daɗe yana fafutukar a shimfiɗa kakar maza ta ratsa zangon karatu biyu, don a rage cunkoson wasanni da raunin da yake haifarwa, a kuma samu lokacin koyarwa. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin wata uku na wasa bai isa ya raini ƙwararre ba.

Giɓin da makarantun kulob suka bari ya sa masu horarwa sun koma abin da Negoesco da Phillips da Ibrahim suka yi tun shekara hamsin da suka wuce, wato neman 'yan wasa a ƙetare. Chris Grassie, ɗan Ingila, ya ci kofin kakar 2020 da Jami'ar Marshall da ƙungiya mai cike da baƙi. Mike Noonan ya mayar da Clemson kan gaba a 2021 da 2023, kuma ɗan Senegal Ousmane Sylla ne ya karɓi kyautar Hermann ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 2023. Abu Danladi, ɗan Gana da ya fito daga makarantar Right to Dream ya buga wa UCLA, shi aka fara zaɓa a zaɓen 'yan wasa na MLS a 2017. Ƙofar a buɗe take ga 'yan Afirka, amma da sharaɗi: kafin ɗalibi ya buga wasa a rukuni na ɗaya ko na biyu, sai cibiyar tantancewa ta NCAA ta duba takardunsa na sakandare da tarihin kulob ɗin da ya buga wa, kuma komai girman sunan koci, ba shi da ikon saka shi a fili sai ta amince.